Yadda Ake Gina Umarni da Aikatau Mai Bin Ƙa'ida a Sifaniyanci

Mai koyon Sifaniyanci yakan haɗu da umarni tun kafin littafinsa ya kai shi wannan darasi, domin da shi ake rubuta gargaɗin jikin ƙofofi da bayanin shan magani da tsarin girki, kuma shi zai ji daga bakin duk mutumin da ya tsayar don tambayar hanya, ko a Madrid yake, ko a Bogota, ko a Malabo ta ƙasar Ikwatoriyal Gini, inda Sifaniyanci yake harshen hukuma. Littattafan nahawu sukan zuba siffofin umarnin a dogon jadawali, mai koyo ya ƙirga ya ga guda 10, biyar na cewa a yi, biyar na hani, sai gwiwarsa ta yi sanyi. Amma takwas daga cikinsu ƙa'ida ɗaya ce ta haife su, wato musayar wasalin ƙarshe, biyu ne kawai suke da tasu hanyar, kuma su biyun sun fi sauran sauƙi.

Mataki na farko: gane rukunin aikatau

Abin da za ka fara yi shi ne ka duba yadda aikatau ya ƙare a ƙamus, domin kowane aikatau na Sifaniyanci yana ƙarewa da *-ar*, ko *-er*, ko *-ir*. Za mu riƙe guda ɗaya daga kowane rukuni: *hablar*, yin magana, wanda ba a furta harafinsa na farko, *comer*, cin abinci, da *subir*, hawa. Idan ka yanke haruffa biyun ƙarshe, abin da ya rage shi ne saiwa, wato *habl-*, *com-* da *sub-*, kuma ana cewa aikatau yana bin ƙa'ida ne idan saiwar nan ba ta sauya kama duk abin da aka liƙa mata. Siffar ƙamus takan yaudari ido, domin *cerrar*, rufewa, kamarsa ɗaya da *hablar*, amma "ina rufewa" *cierro* ne, ba *cerro* ba. Gwajin da ya fi sauri shi ne ka faɗi siffar *yo*, wato "ni", a lokaci mai ci. Idan ka sami *hablo*, *como*, *subo*, to saiwa tana nan yadda take, sai ka ci gaba.

Mataki na biyu: tantance wanda kake yi wa magana

Wannan mataki babu ɗafi ko harafin da za a haddace a cikinsa, amma kuskurensa ya fi na sauran tsada, domin a nan ne ladabi yake. Sifaniyanci ba ya bambanta namiji da mace a umarni yadda muke bambanta "ka zo" da "ki zo". Abin da yake dubawa shi ne kusanci da yawan mutane. *Tú* na aboki ne da yaro da ɗan'uwa da sa'a. *Usted* na babba ne da baƙo da jami'in hukuma da duk wanda ba ka saba da shi ba. *Ustedes* jam'i ne, *vosotros* jam'in sabo ne da ake amfani da shi a mafi yawan Sifaniya, shi kuwa *nosotros* shi ne "mu", wanda ake gayyata da shi, kamar a ce "mu tafi".

A wurare da yawa Bahaushe yakan girmama babba da "ku", don haka zuciyarsa takan raya masa ya ɗauko jam'i idan zai yi wa dattijo magana da Sifaniyanci. Ba haka ake yi ba. *Usted* ya samo asali ne daga tsohuwar kalmar girmamawa *vuestra merced*, wadda ma'anarta ta yi kusa da "alfarmarku", shi ya sa aikatau ɗinsa yake ɗaukar siffar wanda ake magana a kansa, ba ta wanda ake magana da shi ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnenmu, domin mu ma mukan ce "Malam ya shigo" ko "Hajiya ta zauna" alhali mutumin yana tsaye a gabanmu.

Ƙasa ma tana da tasiri. A Sifaniya *tú* ya yaɗu ƙwarai, har mai shago da mai saye sukan yi amfani da shi ba tare da sun san juna ba, amma a sassan Kolombiya za ka ji *usted* ko tsakanin 'yan gida ɗaya. A Latin Amurka ba a amfani da *vosotros* a maganar yau da kullum, *ustedes* ne na kowa, yara da manya, kuma haka abin yake a tsibiran Kanari da wani yanki na Andalusiya. Shawarata ga baƙo ita ce ya fara da *usted* ga duk baligin da bai sani ba, domin wanda aka girmama fiye da kima zai yi murmushi ya ce a sassauta, wanda aka raina kuwa ba lallai ne ya faɗa ba.

Mataki na uku: umarni ga *tú*

Wannan ita ce siffar farko daga cikin biyun da ba su shiga musayar wasali. Ka ɗauki siffar "kana yi", wato *hablas*, *comes*, *subes*, ka cire *s* na ƙarshe, sai ka sami *habla*, *come*, *sube*. Ke nan aikatau na *-ar* yana ƙarewa da *a*, na *-er* da na *-ir* suna ƙarewa da *e*. Misali, *habla despacio* shi ne "yi magana a hankali", *come el arroz* shi ne "ci shinkafar", *sube al coche* kuwa "shiga motar". Siffar nan daidai take da ta "yana yi" ko "tana yi", saboda haka a rubuce waƙafi ne yake raba su: *Ana habla* labari ne cewa Ana tana magana, amma *Ana, habla* kira ne gare ta ta yi magana. Idan umarnin yana da zafi, ana sa masa alamar motsin rai biyu, ta farko a kife, ta ƙarshe a tsaye, kamar *¡Habla!*

Mataki na huɗu: musayar wasali

Nan ne zuciyar darasin, kuma ya kamata a dakata a kansa. Ka koma siffar *yo* da ka gwada a matakin farko, ka cire *o* na ƙarshe, sa'an nan ka sa wasalin da ba na rukunin ba. Aikatau na *-ar* ya karɓi *e*, na *-er* da na *-ir* su karɓi *a*, tamkar mutum biyu da suka yi musayar hula. Daga *hablo* sai a sami *hable*, daga *como* a sami *coma*, daga *subo* a sami *suba*, kuma waɗannan su ne umarni ga *usted* ba tare da ƙarin komai ba. Masu nahawun harshen suna kiran wannan siffa *subjuntivo*, kuma aikinta a nan ya yi daidai da na umartau a nahawun Hausa.

Da zarar ka riƙe *hable*, *coma*, *suba*, sauran ƙari ne kawai. Idan mutanen suna da yawa, ka ƙara *n*, ka ce *hablen*, *coman*, *suban*. Idan kai ma kana cikin masu aikin, ka ƙara *mos*, ka ce *hablemos*, *comamos*, *subamos*, wato "mu yi magana", "mu ci", "mu hau", ko da yake a hira an fi jin *vamos a comer* a madadin *comamos*. Wani zai ce me ya sa za a bi ta kan *yo*, alhali yanke ƙarshen siffar ƙamus ma zai ba da sakamako iri ɗaya. Ga aikatau mai bin ƙa'ida gaskiya ne, amma sabon farawa daga *yo* shi zai cece ka ranar da ka isa ga irin su *tener*, riƙe, wanda ba ya bin ƙa'ida, inda *tengo* yake ba da *tenga*, abin da siffar ƙamus ba za ta taɓa nuna maka ba.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko na murya ne: a *hable* ƙarfin murya yana sauka a gaɓar farko, idan kuwa ka kai shi gaɓar ƙarshe ka faɗi *hablé*, wanda yake nufin "na yi magana". Na biyu ya fi ɓoyuwa. Wasalin ƙarshe shi kaɗai ba ya nuna ko girmamawa ake yi ko sabo, sai an san rukunin aikatau. *Toma*, daga *tomar*, ɗauka ko sha, umarni ne ga aboki, amma *coma* umarni ne ga babba, alhali dukansu da *a* suka ƙare. Haka nan *come* na aboki ne, *tome* na babba. Wanda ya haddace cewa *e* ita ce ladabi zai wayi gari yana ce wa surukinsa *come* yana zaton ya kyauta.

Ɗakin likita wuri ne mai kyau na ganin bambancin. Idan dattijo ne ya zo, likita zai ce masa *pase*, shigo; *abra la boca*, buɗe baki; *respire hondo*, ja dogon numfashi; *tome una pastilla cada ocho horas*, sha ƙwaya ɗaya duk bayan awa takwas. Idan yaro ne ya biyo baya, likitan nan zai juya kowane wasali, ya ce *pasa*, *abre la boca*, *respira hondo*, *toma*. *Abrir* yana tafiya daga *a* zuwa *e* a daidai lokacin da sauran ukun suke tafiya daga *e* zuwa *a*, domin shi kaɗai ne ɗan rukunin *-ir* a cikinsu.

Mataki na biyar: hani

A Hausa mukan ce "zo!", amma ba ma cewa "kada zo", dole sai mun sauya gini mun ce "kada ka zo". Sifaniyanci ma haka yake yi ga *tú*. Idan ka sa *no* gaban *habla* kawai, abin da ka faɗa shi ne "ba ya magana", ba ka hana kowa komai ba. Hanyar ita ce ka ɗauki siffar da aka musanya wa wasali, ka ƙara mata *s*, ka ce *no hables*, *no comas*, *no subas*. Sa *no* gaban *habla* kuskure ne da yake yawan fitowa a bakin masu koyo, kuma dalilinsa shi ne sauƙin mataki na uku yana sa mutum ya saki jiki.

Ga *usted* da *ustedes* da *nosotros* babu wani sabon aiki, sai sa *no* a gaba: *no hable*, *no coman*, *no subamos*. Ga *vosotros* ana ƙara *is* a bayan wasalin da aka musanya, a kuma ɗora masa ɗan karan nan da suke kira *tilde*, a sami *no habléis*, *no comáis*, *no subáis*. Sauran kalmomin korewa ma wannan siffa suke ja, kamar *nunca compres eso*, kada ka taɓa sayen wannan.

Mataki na shida: *vosotros*, da *vos* na Ajantina

Ga siffa ta biyu da ba ta shiga musaya. Ka ɗauki aikatau yadda yake a ƙamus, ka sauya *r* na ƙarshe da *d*, sai ka sami *hablad*, *comed*, *subid*, ƙarfin murya yana kan gaɓar ƙarshe. A titunan Sifaniya za ka ji mutane da yawa suna barin *r* ɗin yadda yake, amma hukumar kula da harshen, wato Real Academia Española da aka kafa a Madrid a 1713, ba ta ɗauki wannan daidai ba a rubutu mai tsari. Wanda zai yi hulɗa da Meziko ko Feru ya isa ya gane siffar idan ya gan ta a littafi.

Mai nufin Ajantina ko Yurugwai ko Faragwai kuwa yana buƙatar *vos*, wanda ya maye gurbin *tú* a maganarsu. Ana cire *r* gaba ɗaya, a kai ƙarfin murya gaɓar ƙarshe: *hablá*, *comé*, *subí*.

Mataki na bakwai: gyaran rubutu

Wasu aikatau suna bin ƙa'ida sarai a baki, amma musayar wasali tana tilasta a sauya musu harafi a takarda, domin *c* da *g* suna sauya sauti idan *e* ta biyo bayansu. Harafin *c* gaban *a* yana ba da sautin *k*, amma gaban *e* yana komawa *s* a Latin Amurka, ko sautin *tha* na Larabci a mafi yawan Sifaniya. Harafin *g* kuma gaban *e* yana komawa kusa da *kha* na Larabci. Don a tsare sautin asali, masu ƙarewa da *-car* suna ɗaukar *qu*, kamar *buscar*, nema, da yake komawa *busque* da *no busques*. Masu *-gar* suna ɗaukar *gu*, kamar *pagar*, biya, da yake komawa *pague*. Masu *-zar* kuwa suna sauya *z* da *c*, kamar *cruzar*, tsallakawa, da yake komawa *cruce*. A ɗaya gefen, *escoger*, zaɓa, yana komawa *escoja*, domin *g* gaban *a* zai taurara. Umarnin yi ga *tú* bai shiga wannan ba, tunda wasalinsa bai sauya ba: *busca*, *paga*, *cruza*, *escoge*.

Kwatancen hanya yakan tara su wuri ɗaya. Mutumin da ka tsayar a Bogota zai iya ce maka *cruce la plaza, gire a la izquierda, camine dos cuadras y busque la farmacia*, wato tsallake dandalin, ka juya hagu, ka wuce layi biyu, ka nemi kantin magani. Dukansu huɗun na *-ar* ne, dukansu sun ƙare da *e*, ke nan da *usted* ya yi maka magana.

Mataki na takwas: inda wakilin suna yake zama

Da wuya a ba da umarni tsirara, yawanci akan ce "saye shi" ko "kira ni". Ƙa'idar a nan ba ta da sassauci: a umarnin yi, wakilin suna yana mannewa a ƙarshen aikatau su zama kalma ɗaya, a hani, yana tsayawa shi kaɗai tsakanin *no* da aikatau. *Compra el pan*, sayi burodin, yana komawa *cómpralo*, saye shi, haninsa kuwa *no lo compres*. Haka *llámame*, kira ni, yake komawa *no me llames*, shi ma *espéreme*, jira ni, ga babba, yake komawa *no me espere*.

*Tilde* ɗin da ya bayyana a *cómpralo* ba ado ba ne. Ƙarfin murya yana nan a kan *com* yadda yake a *compra*, amma ƙarin gaɓa ya mayar da ita ta uku daga ƙarshe, kuma duk kalmar Sifaniyanci da ƙarfinta ya sauka a nan, ko ya fi nan nisa, dole a sa mata alama. Shi ya sa *compradlo* na *vosotros* ba ya ɗaukar ta, haka ma *compralo* da za ka gani a tallan Buenos Aires, wanda ba kuskuren rubutu ba ne, siffar *vos* ce mai ƙarfi a kan *pra*.

Idan wakilan suna biyu ne, na mutum yana riga na abu, kamar yadda muke cewa "saya mini shi": *cómpramelo*, da haninsa *no me lo compres*. Sai dai *le* da *les*, wato "masa", "mata" ko "musu", ba su tsayawa gaban *lo* ko *la*, suna rikiɗa su zama *se*, don haka "saya masa shi" *cómpraselo* ne, "kada ka saya masa shi" kuwa *no se lo compres*.

Aikatau masu komawa kan mai yi, waɗanda ƙamus yake rubutawa da *se* a ƙarshe, suna bin wannan tsari. *Levantarse*, tashi, yana ba da *levántate* ga aboki, *levántese* ga babba, *levántense* ga jama'a, da *no te levantes* a hani. Wurare biyu ne harafi yake faɗuwa: *levantemos* idan ya haɗu da *nos*, wakilin *nosotros*, yana zubar da *s* ya zama *levantémonos*, shi kuma *levantad* idan ya haɗu da *os*, wakilin *vosotros*, yana zubar da *d* ya zama *levantaos*. Uwa za ta ce wa ɗanta *lávate las manos*, wanke hannunka, ba tare da kalmar mallaka ba, domin *te* ya riga ya nuna hannun wane ne.

Mataki na tara: tausasa shi, sa'an nan ka maimaita

Umarni daidai a nahawu yana iya zama da kaushi a kunne. *Por favor* a farko ko a ƙarshe yana rage kaifinsa, kuma a ofis ko banki, musamman a Latin Amurka, mutane sukan juya shi tambaya, su ce *¿me ayuda, por favor?*, za ka taimake ni don Allah?, maimakon *ayúdeme*, taimake ni. Kalmomin ladabi da dama su kansu umarni ne na aikatau masu bin ƙa'ida, kamar *perdone* da *disculpe*, gafara ko yi haƙuri, da *mire*, duba, waɗanda ga aboki suke komawa *perdona*, *disculpa*, *mira*. A Meziko, wanda aka kira ko wanda bai ji abin da aka faɗa ba yakan amsa da *¿mande?*, daga *mandar*, a inda mu za mu ce "na'am". A allunan sanarwa kuma, tunda ba mutum ɗaya ake nufi ba, sau da yawa siffar ƙamus ake rubutawa, kamar *no fumar*, ba a shan taba, ko *empujar*, turawa, da *tirar*, jawowa, a jikin ƙofofin Sifaniya, inda ƙofofin Meziko suke cewa *empuje* da *jale*.

Wajen maimaitawa, kada ka karanta jadawali daga sama zuwa ƙasa. Ka ɗauki aikatau ɗaya, ka faɗi yi da haninsa a jere da babbar murya, *habla, no hables*, sa'an nan *hable, no hable*, har ka ƙare biyar ɗin, daga nan ka sake zagayen da wakilin suna, *cómpralo, no lo compres*, domin harshenka ya saba da tsallen da *lo* yake yi daga baya zuwa gaba. Ka riƙa cakuɗa rukunan, ka bi *tomar* da *comer*, ka bi *mirar* da *abrir*, tunda a wurin sauyawar nan ne baki yake tuntuɓe.

Bayan wannan ya zauna, sai ka tunkari aikatau takwas ɗin nan da suke da gajeren umarni na musamman ga *tú*: *di* daga *decir*, faɗa, *haz* daga *hacer*, yi, *ve* daga *ir*, tafi, *pon* daga *poner*, ajiye, *sal* daga *salir*, fita, *sé* daga *ser*, zama, *ten* daga *tener*, riƙe, da *ven* daga *venir*, zo. Shida daga cikinsu haninsu yana fitowa ne daga *yo* ta hanyar da ka koya a mataki na huɗu, wato *no digas*, *no hagas*, *no pongas*, *no salgas*, *no tengas* da *no vengas*. Na *ir* da na *ser* ne kawai sai an haddace su, *no vayas* da *no seas*.